Dutsen da Ba a Sauke Ba

Rumfar Istifanus Didam tana bakin titin da ya ratsa Unguwar Boro, tsakanin mai sayar da gas da wata mata mai suyar doya. Kwano huɗu ne a kan itace, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na kayan aiki. Shekararsa sittin da bakwai. Yana gyaran keke, yana yi wa baro faci, wani lokaci a kawo masa keken guragu daga coci ya ɗaure masa birki. 'Yan unguwa suna ce masa Baban Blessing. A bayan rumfar akwai baƙaƙen kekuna biyu irin na da, a jingine da juna. Ɗaya nasa ne. Ɗayan na abokinsa Alexander Bobai ne, wanda ya rasu a kan hanya ranar Jumma'ar Ista ta 2017.

Wani littafi ne ya kai ni wurinsa. Akwai matasa daga Barnawa da Narayi da ke fita da kekuna ranar Asabar, su nufi Kujama, su hau tuddan Kajuru su dawo. Sun ji labarin cewa wani tsoho yana da hanyar keke a rubuce tun daga Kaduna har gindin duwatsun Kagoro. Vivian, 'yar marigayi Alexander, malamar firamare ce kuma tana cikin masu fitar. Ita ta karɓi littafin domin ta buga musu shi a kwamfuta.

Littafin makaranta ne mai koren bango, ya sha hannu. Ba taswira ba ce. Gari ne da abin da za a yi a cikinsa. Kujama: a sha ruwa, kada a cika ciki. Kufana: rijiyar bayan makaranta ta fi sanyi. Idon: a duba birki kafin gangare. Haka yake tafiya shafi bayan shafi, sai kusa da ƙarshe aka yanke shafi guda da reza. Vivian ta tambaye shi, ya ce ɓera ne. Ɓera ba ya yanka a miƙe, kuma ta san haka.

Da na yi masa tambayar, sai ya ajiye sifana ya goge hannu a tsumma.

"Kai mai rubutu ne, ko? To zauna. Abin da zan faɗa maka, Maman Vivian ba ta sani ba. Shekara bakwai ke nan. Kada ka buga sai ta ji daga bakina."

An haifi Istifanus a wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro. Ya zo Kaduna a 1978, ya sami aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. A layin karɓar abinci ya haɗu da Alexander, wanda kowa ke kira Alex, dogo, mai surutu, ma'aikacin sashen saƙa. Ƙauyukansu tafiyar awa ɗaya ce a ƙafa, amma sai a Kaduna suka san juna.

Tafiyar ta samo asali a 1981. Ana saura kwana biyar Ista suka je tasha, suka tarar mutane sun ninka motoci, suka yini ba su sami wurin zama ba. Alex ya ce keken da ke kai su aiki kullum, me zai hana ya kai su gida. Su tara suka tashi washegari da asuba. Daga nan abin ya zame musu al'ada. Su bar Kakuri ranar Laraba, su kwana a Kufana, su kwana a Kachia, su isa gida Jumma'a da la'asar. Mata da yara su bi mota.

Sun raɗa wa kowane hawa suna irin na masaƙa. Akwai Foman, wato mai sa ido a kan ma'aikata, domin ba ya barinka ka ɗaga kai. Akwai Litinin. Mafi tsawo yana bayan Zonkwa, shi ne suka sa wa Obataim, wato aikin ƙarin lokaci, domin ka ɗauka ka gama, sai ka sha kwana ka ga da saura. Shafinsa ne aka yanke.

Doka ɗaya suke da ita: ba a gangara sai kowa ya iso. Wanda ya riga kaiwa saman hawa ya zauna ya jira, kuma duk wanda ya iso ya buga ƙararrawar kekensa sau uku. A 1984 dokar ta gamu da cikas. Ƙudan zuma suka kori mutum huɗun da suka riga isa saman Obataim, suka gangara a guje. Biyar na baya suka iso ba su ga kowa ba, suka zauna awa biyu suna jiran mutanen da ke ƙasa suna shan kunu. Bayan wannan suka yi alama. A saman hawan akwai ɗorawa mai rassa biyu da suka rabu daidai tsayin kafaɗa. Suka samo farin dutse, girman dunƙulen hannu, suka ajiye a gindinta. In dutsen yana ƙasa, ba wanda ya wuce, ka jira. In yana sama tsakanin rassan, na gaba sun gangara saboda wani dalili, ka bi su. Wanda ya zo ƙarshe shi ke sauke shi ya mayar ƙasa, domin baɗi.

Masaƙar ta rufe, mutanen suka watse. Stephen ya tafi gadi Abuja. Emma gwiwa ta hana shi. Usman ya koma Unguwar Mu'azu bayan rikicin 2000, ya bi su sau biyu, sannan ya daina. Wasu suka rasu. Daga 2012 saura mutum biyu.

Sun raba kaya kamar yadda suka saba. Alex ke ɗaukar famfo da sifana da kayan faci. Istifanus ke ɗaukar ruwa da garin kwaki da ƙuli, da kuma maganin hawan jinin Alex. Matar Alex, Christy, wadda ake kira Maman Vivian, ita da kanta take sa masa ƙwayoyin a hannu kowace shekara.

"Baban Blessing, ga amana," in ji ta. "In ka bar wa wannan mutumin, a aljihu zai jiƙa su da zufa."

A 2016 ruwan farko ya same su a tsakiyar Obataim. Alex, wanda kullum ke gaba, ya kai sama, ya ga walƙiya, ya ɗora dutsen a kan rassan ya gangara neman mafaka. Istifanus ya iso a jiƙe, ya ga dutsen, ya gane, ya sunkuyar da kai ya bi shi. Bai tsaya ya sauke ba. A ƙasa suka fake a shagon mai niƙa suna dariya, kuma babu wanda ya sake tuna dutsen. A mota suke komawa Kaduna bayan Ista, kekunan a ɗaure a sama, don haka ba su tsaya a wurin ba. Dutsen ya yi damina da rani a inda yake.

Ranar Jumma'ar Ista ta 2017 an yi zafi sosai. Alex ya sha maganin safe a Kachia. A Zonkwa ya ce ƙirjinsa yana masa zafi, ya ɗora laifin a kan waken da suka ci jiya.

"Wake ne ko tsufa?" in ji Istifanus.

"Tsufan wa? Kunkuru, in na kai sama zan yi barci. In na tashi in yi aski. Wataƙila lokacin ka iso."

"Je ka, Jirgin Sama. Ka share min wurin zama."

Wannan ce maganarsu ta ƙarshe. Ƙarfe ɗaya saura ashirin suka fara hawan. Alex ya sha kwanar farko ya ɓace. Istifanus ya taka iyakar ƙarfinsa, sannan ya sauka ya tura, kansa a ƙasa, yana kallon tayar gaba. Ƙarfe ɗaya da ashirin ya kai ɗorawar. Babu kowa. Ya buga ƙararrawa sau uku. Ya ɗaga ido ya ga farin dutsen a sama.

"Na sa hannu na ɗauke shi, sai ya ɗan manne," in ji shi. "A ƙarƙashinsa akwai busasshen ganye da gidan tururuwa. Na gani da idona. Har na kaɗe tururuwan daga hannuna. Dutsen da aka ɗora minti ashirin da suka wuce ba ya yin gidan tururuwa. Hannuna ya sani, kaina bai sani ba. Na ajiye shi ƙasa na hau keke."

Gangaren kilomita shida ne. A ƙauyen ƙasa ya tambayi mai kunu, ta ce ba ta ga Alex ba, amma ta shiga cikin gida ɗazu. Ya kira wayarsa, ba ta shiga ba, wurin babu sabis. Ya ce a ransa mutumin ya wuce ne don ya yi masa tsiya a gaba. Ya ƙara kilomita biyar. A wata mahaɗa akwai mai faci da ya san su shekara da shekaru, shi ya ce tun safe yana zaune, dogon bai wuce ba. A nan Istifanus ya tuna ruwan bara. Ya bar kekensa a wurin ya hau acaɓa ya koma.

Na je wurin a watan Fabrairu. Ɗorawar tana nan. In ka sauko daga gare ta taku ɗari biyu ta wajen Zonkwa, akwai wani babban dutse a hannun hagu, bayansa kuma mangwaro. Daga titi ba a ganin gindin mangwaron. Gonar Malam Zakariyya'u ce, manomin citta, wanda yanzu ya haura saba'in da biyar. Yana sharar gona a ranar ya ga dogon mutum ya turo keke ya kwanta a inuwa yana riƙe da ƙirji. Ya ba shi sauran ruwan gorarsa.

"Muna nan sai muka ji ƙararrawa daga sama, sau uku," in ji Malam Zakariyya'u. "Sai ya yi dariya. Ya ce, Baba, Kunkuru ya iso. Don Allah hau ka ce masa ya zo da jakar. Yana gindin ɗorawa, ba ya gangara sai na iso."

Tsohon ya hau. Ya ɗauke shi minti goma. Bai ga kowa ba. Ya dawo ya faɗa.

"Ya ce, a'a Baba, ba ka duba da kyau ba, wataƙila ya zaga daji. Shekara talatin da shida bai taɓa barina ba. Sai na sake hawa. Na yi ta kira, Kunkuru, Kunkuru, tun da ban san sunansa ba."

Daga nan ya tsaya a titi yana ɗaga hannu. Motoci uku suka wuce, babu wadda ta tsaya. A wannan hanyar direbobi ba su cika tsaya wa mutum a daji ba. Da ya koma gindin mangwaron, Alex ya daina magana. Ya rasu kafin la'asar. Malam Zakariyya'u ya tuɓe rigarsa ya rufe masa fuska. Ƙarfe uku da rabi acaɓa ya sauke Istifanus, kuma a tsaye a gonar tsohon ya gaya masa duk abin da ya gaya mini.

An kai gawar ƙauye da yamma, aka binne ta ranar Asabar. Christy tana can tun Alhamis tana jiran su. Tambaya ɗaya ta yi wa Istifanus.

"Ka same shi da rai?"

"A'a."

"Ka makara."

"Na makara."

Ta riƙe hannunsa ta ce ba laifinsa ba ne, Alex kullum yana barinsa a baya. Ta ɗauka yana can ƙasa yana turo keke har abin ya faru. Bai yi mata ƙarya ba, kuma bai gyara mata ba. Ya ce a ransa zai faɗa bayan biso, in an binne Alex. Sannan ya ce bayan wata ɗaya. Da zai koma Kaduna ya sa direba ya tsaya a ɗorawar, ya ɗauki dutsen ya sa a aljihu. A ranar ya yanke shafin. Bai sake hawa keke ya wuce Sabon Tasha ba.

Coci ɗaya suke zuwa, shi da Christy. Tana zama a layin zumuntar mata, yana zama a baya kusa da ƙofa. Da shekara ta zagayo ta sa aka turo masa keken Alex, ta ce babu wanda ya fi shi cancanta. Kowace Lahadin Ista tana aiko Vivian da kula cike da faten acca da kaza. In ta tashi yin shaida a gaban mata, takan kira shi ɗan'uwan da ya kawo mata mijinta gida. Matar Istifanus, Mary, ta rasu a 2020 ba ta san komai ba.

Na tambaye shi ko yana cin abincin.

"Ina ci. In ban ci ba Vivian za ta gaya mata. Ina ci tana kallona, ina cewa ya yi daɗi. Kuma yana da daɗin, wannan ne abin."

Na kai wa wata likita labarin ba tare da suna ba. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan wanda ba ta gani ba, amma in zuciya ce ta buga, ƙwayar hawan jini ba za ta tsayar da abin a lokacin ba. Ko da an kai shi asibiti cikin awa ɗaya, yana iya rayuwa, yana iya mutuwa. Na gaya wa Istifanus haka, ina tsammanin zai ɗan sami sauƙi. Ya saurare ni har na gama.

"Na gode. Amma ba maganar magani ba ce. Sau biyu ya aika a kira ni."

Abin da ya sa ya buɗe baki yanzu shi ne Vivian. Ta ce duk ranar da suka yi tafiyar, za ta tsaya a inda babanta ya rasu, ta nemi mai gonar ta yi masa godiya. Malam Zakariyya'u ba mai ɓoye magana ba ne. Istifanus ya ce gara uwar ta ji a Kaduna, daga wanda ya yi abin.

Ranar wata Asabar a tsakiyar Maris muka je Mahuta, gidan Maman Vivian. Ya ce in raka shi domin in ya fara kwana-kwana in dube shi. Ya sa rigar coci. Gidan ciki da falo ne a wani tsakar gida mai haya shida, da firijin da take sayar da zoɓo da kunun aya a bakin ƙofa. Muka same ta a kan kujera 'yar tsugunno, da faranti a cinya tana tsince acca.

"Baban Blessing, yau da baƙo, da rigar Lahadi? Ka sami mata ne ka zo neman shawara?"

"Wa zai aure ni, Maman Vivian, hannu duk baƙin mai."

"Akwai sabulu a kasuwa. Ku zauna. Bari in kawo muku zoɓo."

"Bari tukuna."

Ya ciro dutsen daga aljihu ya ajiye a kan benci tsakaninsu. Ta dube shi, ta yi murmushi.

"Na Obataim ke nan? Alex ya cika min kunne da labarinsa. Ashe ƙarami ne."

Ya fara daga ruwan 2016. Bai yi kwana-kwana ba, ban kuma dube shi ba. Ya faɗi lokutan kamar yadda ya faɗa mini, da tururuwan, da mai kunu, da mai faci. Tana ji tana tsince accan, hannunta yana ta aiki, har ya kai inda ya hau keke ya gangara. A nan hannun ya tsaya.

"Tsaya. Ka wuce shi?"

"Na wuce shi."

"Yana da rai?"

"Yana da rai. Taku talatin daga titi."

"Maganin fa?"

"Yana jakata. Da ruwan."

Ta ajiye farantin a ƙasa. Wata maƙwabciya ta leƙo da robar sayen kunu, ta ga fuskokinmu, ta koma.

"Kun ce kuna buga ƙararrawa in kun kai sama. Ka buga?"

"Na buga."

"Ya ji?"

"Ya ji."

"Me ya ce?"

Istifanus ya faɗa mata, kalma bayan kalma, har da cewa shekara talatin da shida bai taɓa barinsa ba. Da ya gama, ta dubi ƙofar gida. Ba ta yi kuka a lokacin ba.

"Shekara bakwai ina ganinsa a raina shi kaɗai a daji, babu wanda ya san yana nan," in ji ta. "Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Yanzu ka zo ka ce min yana dariya, yana jiranka. Ban san wanne ya fi ba, Baban Blessing. Ban sani ba."

"Ki yafe min."

"Dutsen ba komai ba ne. Ruwa ake yi, kowa yana mantuwa. Shi ma da ya ɗora bai tuna ba. Da a ranar biso ka faɗa min, da mun yi kukan tare, da ya wuce." Ta share hannu a zane. "Kulata fa? Sau shida ka karɓa. Ka wanke ta, ka ba Vivian ta dawo min da ita. Na tsaya a gaban mata ina kiran sunanka, kana zaune a baya kana ji."

"Ina ji."

"Me kake cewa a ranka?"

"Ina cewa mako mai zuwa."

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda da amsar. Ya ce zai turo mata keken gobe. Ta ce ya bar shi a can, ina za ta sa shi, kuma ba ta so ta riƙa ganinsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki dutsen.

"Bar wannan."

Ya janye hannun. Ta ɗauki farantinta ta tashi.

"Ka gaida gida, Baban Blessing. Baƙo, ka yi haƙuri, ban ba ka ruwa ba."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Muna bakin ƙofar gida muka ji muryarta tana kuka. Istifanus ya tsaya, ya juya kamar zai koma, sannan ya ci gaba da tafiya. Daga baya ta aiko ta bakin Vivian cewa in rubuta abin da na gani, tun da haka ya faru.

Ista ta zo bayan mako biyu. Ya dawo daga sujadar coci ya zauna a rumfar, ko da yake ba ya aiki ranar Lahadi. Ya zauna har mai suyar doya ta fito da yamma. Kular ba ta zo ba. Ya ce bai yi tsammanin za ta zo ba, zama kawai ya yi. A coci suna gaisawa. Yana cewa ina kwana Maman Vivian, tana cewa lafiya lau, ta wuce. Tsiyar aure da sabulu babu ita. Ba ta sake yin shaida da sunansa ba, kuma ba ta faɗa wa kowa dalili ba.

Vivian ta yi kwana goma ba ta bi ta Unguwar Boro ba. Ranar da ta zo ina wurin. Ta jingine kekenta, ta zauna a benci, ta ce birkin baya yana ƙara. Ya gyara. Sannan ta ciro koren littafin da takardun da ta buga, ta ce saura shafi ɗaya.

"Baba, ka rubuta min shi. Ba zan ba su hanya mai rami ba."

"Mamanki fa?"

"Tana nan. Dutsen yana kan tagar ɗakinta. Ba ta ce komai a kansa ba, ni ma ban tambaya ba."

Tafiyar matasan ba ta yiwu bana ba. Iyaye sun hana saboda yanayin hanya, don haka har yanzu iyakarsu Kajuru. Amma shafin ya shiga cikin takardun. Da biro ya rubuta shi a bayan littafin, a kan akwatin ƙarfe, ya ɗauke shi kusan rabin awa. Ga abin da ya rubuta:

"Obataim. Sau uku ake shan kwana, ba biyu ba. A cika gora a Zonkwa. Wanda zai sauka daga titi, ko don inuwa ko don zagawa, ya bar kekensa a bakin titi inda za a gan shi. Kowa ya riƙe maganinsa da ruwansa. A sama akwai ɗorawa. A buga ƙararrawa sau uku."

Vivian ta karanta, ta juya shafin ta ga babu ƙari.

"Ba ka sa maganar dutsen ba, Baba. In na gaba zai gangara fa, me zai ajiye?"

Ya mayar da murfin biron, ya miƙa mata littafin.

"Kada ya gangara. Ku jira juna kawai."

Ta tafi. Ya tashi ya zaga bayan rumfar da gwangwanin mai. Kowace Asabar yana sa wa sarƙar kekunan biyu mai, yana juya fedar da hannu har man ya ratsa, sannan ya mayar da su yadda suke.